A sabunta takardun hukunci domin talakan Matankari ya san abin da anka yanke masa

Ran 26 ga watan Maris na shekarar 2025 anka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa a birnin Yamai. Cikin abubuwan da kundin ya tsaida akwai maganar harshe: Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne, sauran harsunan da ɗiyan Nijar ke magana da su kuma an ambace su da sunayensu. Jama'a sun tattauna wannan mataki a gidajen rediyo da makarantu da kasuwanni. Akwai kuwa wuri guda da ya kamata mahukunta su duba tun da wuri, domin nan ne rashin jin harshe ya fi yi wa talaka ciwo, wato ɗakin shari'a, ranar da ake yanke wa mutum hukunci bisa wani laifi.

Sau da yawa gwamnatocin Nijar sun gyara dokokin da ke tsara yadda ake shari'ar laifuka. Amma dokar da anka gyara a Yamai tana isa ga mutumin ƙauye ne ta hanyar takarda: sammaci, takardar tsarewa, takardar hukunci, takardar biyan tara, takardar saki. Muddin waɗannan takardu sun tsufa, ko kuma an rubuta su yadda mai su ba ya iya sanin abin da ke ciki, to, gyaran ya tsaya a hanya. Saboda haka ya wajaba duk lokacin da anka taɓa dokar shari'a a sabunta takardun aikinta tare da ita, a rana guda, kuma da harshen da jama'a ke ji.

Matankari da shari'a

Matankari tsohon gari ne cikin Dallol Mauri, nan ne sarakunan Arewa sunka zauna kafin Turawan mulkin mallaka su mai da cibiyar mulki Dogon Dutsi, wanda bai kai kilomita 20 ba daga kudu. Mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin shari'a. Akwai fadar Sarkin Arewa, akwai Baura a Bagaji, akwai Sarauniya a Lugu da dutsen Tunguma, wanda mutane kan je gare shi neman rarrabe gaskiya da ƙarya, akwai kuma malamai da ke raba gardamar aure da gado. Kome za a faɗa bisa shari'ar wancan zamani, tana da wani hali da ba a musunsa: mai ƙara da wanda anka yi ƙara sukan ji hukunci da kunnensu, da harshen da sunka tashi da shi, gaban shaidun da sunka san su.

Zuwan Turawa ya sauya wannan. Kumandan ya zama mai ɗauri da tara, tafinta ya shiga tsakaninsa da talakawa, takarda kuwa ta zama abin tsoro. Sai a shekarar 1946 anka soke dokar nan ta hora ƴan ƙasa ba tare da shari'a ba, dokar ran 30 ga watan Afrilu na wannan shekara kuma ta ɗauke shari'ar laifuka daga kotunan ƴan ƙasa ta mai da ita ƙarƙashin dokar Faransa. Bayan samun mulkin kai, Majalisar Dokoki ta kafa kundin hukunta laifuka da doka mai lamba 61-27 ta ran 15 ga watan Yuli na 1961, da kundin tsarin shari'ar laifuka da doka mai lamba 61-33 ta ran 14 ga watan Agusta na 1961. Duka biyu da Faransanci anka rubuta su, bisa tsarin Faransa, takardun aikinsu ma haka.

Mutumin Matankari da anka tuhuma da ƙaramin laifi, kamar faɗa da rauni ko satar akuya, kotun Dogon Dutsi ake kai shi. In babban laifi ne, kamar kisan kai, shari'ar tana kaiwa Doso, tafiyar kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi. Shekara da shekaru kuma mai ɗaukaka ƙara daga Arewa Yamai yake dosa, sama da kilomita 270. A shekarar 2011 anka yanke gundumar Tibiri daga ta Dogon Dutsi, da ƙananan hukumomin Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa, don a kawo hukuma kusa da jama'a. Nisan hanya ana rage shi da sabon ofis da mota. Nisan da ke tsakanin mutum da takardar da ba ya iya karantawa, sai an sake takardar.

Gyare-gyaren da anka yi

Ba za a ce an yi zaune ba. Ran 13 ga watan Yuni na 2003 anka yi wa kundin biyu babban gyara. Wannan gyara ya sa iyaka ga tsare mutum kafin shari'a: wata 6 da ake iya sabuntawa sau guda ga matsakaitan laifuka, wata 18 da ake iya ƙara wa wata 12 ga manya, ban da wasu laifuka da doka ta keɓe. Ya kuma buɗe wa wanda ke hannun jandarma ko ƴan sanda ƙofar samun lauya. A shekarar 2004 anka sake tsara kotuna. A watan Disamba na 2011 anka kafa hukumar ANAJJ mai taimakon marasa ƙarfi wajen shari'a. A watan Nuwamba na 2012 anka yi babban taron ƙasa bisa shari'a a Yamai. Ran 31 ga watan Maris na 2017 anka kafa dokar aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri, tare da dokar tsarin gidajen kaso. Dokar ran 1 ga watan Yuni na 2018 ta sake fasalin kotuna, ta tanadi kotun ɗaukaka ƙara a kowace jaha, ta kuma nufi raba aikin mai tuhuma da na mai yanke hukunci a ƙananan kotuna, inda a da alƙali guda kan riƙe su duka. A 2019 anka mai da shari'ar manyan laifuka ga sassa na musamman cikin manyan kotunan jahohi, don kada mutane su daɗe suna jiran zaman da ba ya zuwa sai jefi-jefi. A 2022 kuma ma'aikatar shari'a ta kafa kwamitin sake duba kundin biyu gaba ɗaya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da takardar da ya kamata ta sauya saboda shi. Iyakar tsarewa tana bukatar gurbin da za a rubuta ranar da wa'adin zai cika. Haƙƙin samun lauya yana bukatar gurbin da zai nuna an faɗa wa mutum, da ranar, da sa'ar. Aikin amfanin jama'a yana bukatar takardar da babu ita sam cikin tsarin 1961. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Magatakardan da ke cika tsohuwar takarda bisa sabuwar doka, dole ya yi ta gogewa da ƙari da hannu, kowane ofis da irin dabararsa, daga nan kuwa kuskure ke shigowa.

Inda talaka ke yin asara

Asara ta farko ita ce ta lissafin kwanaki. Ƙa'idar shari'a ita ce kwanakin da mutum ya yi tsare kafin hukunci ana cire su daga ɗaurin da anka yanke masa. A ɗauki misalin manomin da rikicin ɓarnar gona ya kai shi ga yi wa wani rauni. An sa hannu ga takardar tsare shi ran 10 ga watan Nuwamba, an yanke masa wata 6 ran 20 ga watan Disamba. In an lissafa daidai, zai fita ran 10 ga watan Mayu. In kuwa an fara ƙidaya daga ranar hukunci, sai ran 20 ga watan Yuni. Tsakanin biyun akwai kimanin kwana 40, kuma duk wanda ya san Arewa ya san waɗannan su ne kwanakin sharar gona da jiran ruwan shibka. Magidancin da ya rasa shibkar fari ya rasa hatsin shekara, iyalinsa kuwa ba su yi laifin kome ba. Mutumin da ba a ba shi ranar fitarsa a rubuce ba, ba shi da abin da zai nuna in an yi kuskure.

Ta biyu ita ce ta ɗaukaka ƙara. Kundin 1961 ya ba wanda anka yanke wa hukunci a gabansa kwana 10 ya ɗaukaka ƙara. Alƙali yana iya faɗa masa haka, tafinta ya fassara. Amma mutumin da ya ji an ce wata kaza ko shekara kaza, hankalinsa ya riga ya tashi, ba kowace magana ke zama a kansa ba. Kafin ƴan uwansa su ji labari a ƙauye, su sayar da tunkiya, su zo Dogon Dutsi su tambayi wanda ya sani, kwana 10 sun wuce. Lauyoyin ƙasar nan mafi yawansu a Yamai suke, ofisoshin ANAJJ kuwa a manyan kotuna anka buɗe su. Haƙƙin da mutum bai san ranar ƙarewarsa ba, da shi da babu duk ɗaya.

Ta uku ita ce ta ɗaurin talala. Sau da yawa kotu kan tausaya wa wanda bai taɓa laifi ba, ta yanke masa ɗauri amma ta dakatar da shi. Mutum ya ga an buɗe masa ƙofa, ya koma gida yana cewa an wanke shi. Ba a wanke shi ba. Hukuncin yana rataye bisa kansa har shekara 5, in ya sake wani laifi cikin wannan lokaci zai yi tsohon ɗaurin da sabon. Wanda anka cuta shi ma ya ga abokin shari'arsa a kasuwa washegari, ya ce an sayi alƙali. Kalma guda da ba a fassara ba ta jawo wa mai laifi haɗari, ta jawo wa kotu zargin da ba ta ci ba.

Ta huɗu ita ce ta kuɗi. Hukunci guda yana iya ƙunsar kuɗi iri uku: tara, wadda ke shiga baitulmali, kuɗin shari'a, su ma na gwamnati ne, da diyya, wadda ke zuwa ga wanda anka cuta. Talaka jimla kawai yake ji. Bai san nawa ne na wa ba, bai san hannun da zai ba ba, bai san kuma doka ta yarda a tsare wanda ya ƙi biyan tara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ne ƴan tsakani da ke yawo bakin kotuna ke cin abincinsu, suna karɓa da sunan ma'aikatan da ba su aike su ba.

Ta biyar ita ce ta hukuncin bayan ido. Samarin Arewa da yawa kan tafi bida bayan girbi, wasu Najeriya, wasu Kwatano ko Abijan. In sammaci ya zo mutum ba ya nan, kotu tana iya yanke hukunci ba shi. Doka ta ba shi damar neman a sake shari'ar, amma cikin ƙayyadadden lokaci daga ranar da anka sanar da shi. Takardar sanarwar kan iso hannun maigari ko tsohon gida, a naɗe ta a sa cikin akwati don girmamawa, ba wanda ya san tana ƙidaya kwanaki.

Ta ƙarshe tana zuwa bayan shekaru. Kowane hukunci ana aika bayaninsa kotun yankin da anka haifi mutum, nan ake ajiye shi, daga nan kuma ake ba da takardar nan da kowa ya sani da sunan kaziye, wadda ake nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati ko aikin soja. A ƙasar da sunaye ke maimaituwa, inda mutane da yawa takardunsu na cewa an haife su wajajen shekara kaza, rubuta sunan mutum da na ubansa kaɗai ba ya isa. Laifin wani yana iya hawa kan wani, yaro ya rasa aiki saboda abin da bai aikata ba.

Abin da sabuwar takarda za ta ƙunsa

Maganin waɗannan duka bai fi ƙarfin gwamnati ba. Ya kamata ma'aikatar shari'a ta tsara takardun cikewa iri guda ga dukan kotunan ƙasa, kowace da lambarta da shekarar da anka buga ta, yadda magatakarda zai gane tsohuwa ya ajiye ta. Takardar da ta fi kowace muhimmanci ita ce taƙaitaccen hukunci, shafi guda, Hausa a gefe guda, harshen aiki a ɗaya gefen, a miƙa ta ga mai ita kafin ya bar ɗakin shari'a, ba tare da ya biya ko dala ba.

Wannan shafi ya nuna cikakken sunan mutum da laƙabinsa, da sunan uba da na uwa, da garinsu da sunan unguwa. Ya faɗi laifin da anka same shi da shi da kalmomin da kowa ke ji, tare da lambar ayar doka. Ya nuna ranar da anka fara tsare shi, da tsawon ɗaurin, da ranar fita da anka riga anka lissafa. Ya faɗi ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara da kwanan wata, tare da ofishin da ake zuwa, da bayanin cewa wanda ke tsare yana iya yin haka ta hannun shugaban gidan kaso. In ɗaurin talala ne, a rubuta ranar da zai faɗi daga kansa da abin da zai biyo baya in ya sake. Kuɗi kuwa a raba su layi uku, kowane da wurin biyansa, a rubuta ƙarara cewa ba a biyan kome sai da takardar shaidar biya. A ƙasa a sa sunan tafintan da ya karanta masa, da sa hannunsa, kusa da inda mai hukunci zai sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Kofi huɗu sun isa: na mai hukunci, na wanda anka cuta, na gidan kaso, na kotu. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda anka sabunta a 2015 anka sa musu sunan Nelson Mandela, sun nemi kowane gidan kaso ya riƙe bayanin ranar shigar mutum da dalilinta da ranar fitarsa. In ranar da ke littafin gidan kaso ita ce ke aljihun fursuna, kuma ita ce ke hannun matarsa a Matankari, kuskure ba ya daɗewa bai fito fili ba. Haka nan in shugaban ƙasa ya yi sassauci ga fursunoni ranar wani bikin ƙasa, lissafin wanda ya cancanta zai zo da sauƙi.

Aikin amfanin jama'a shi ma takarda ce za ta rayar da shi. Alƙali ba zai saki mutum ya je ya yi aiki ba sai ya tabbata akwai mai karɓarsa, da mai ƙidaya sa'o'insa, da mai kawo rahoto. A ƙaramar hukuma irin Matankari aiki bai ƙare ba: sharar kasuwa da gidan likita, gyaran dangar makaranta, dashen itatuwa, toshe zaizayar ƙasa. Da takardar da ke nuna yardar mai laifi, da wurin aiki, da yawan sa'o'i, da gurbin sa hannu na kowace rana, saurayin da ya yi kuskuren farko zai biya bashinsa gaban mutanen garinsu, yana kwana gida, bai je ya koyo mugun hali wurin tsofaffin ɓarayi ba.

Masu ja da wannan magana

Akwai masana doka da ke cewa Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki nauyin shari'ar zamani, kuma fassara tana iya kawo ma'ana biyu inda doka ke son guda. Tsoronsu yana da tushe, domin kalma guda a hukunci tana iya zama shekara guda a kaso. Sai dai fassarar ana yin ta kullum a kotuna, da baki, kowane tafinta da kalmomin da sunka zo masa, ba kuma mai iya komawa ya duba abin da ya faɗa. Fassarar da alƙalai da masana harshe sunka zauna sunka tace, anka buga ta iri guda, ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba. Harshen da ke da ƙara da tuhuma da shaida da rantsuwa da diyya da tara tun kafin a gina kotun Dogon Dutsi ba zai kasa ɗaukar shafi guda ba. In gardama ta taso bisa ma'ana, doka tana iya faɗin rubutun da za a koma gare shi.

Faransa kanta ta bi wannan hanya. A shekarar 1539 sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba da umurni a daina rubuta hukunce-hukunce da Latin a koma ga Faransanci, dalilinsa kuwa shi ne a kawar da shakka da ruɗu bisa ma'anarsu. A nahiyar Afirka, Tanzaniya ta yi doka a 2021 da ta sa Swahili ya zama harshen kotunanta. Nijar ma ta ɗauki alkawari: a 1986 ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1966 bisa haƙƙin ɗan adam na zaman ƙasa da siyasa, wadda aya ta 14 cikinta ta ce a sanar da wanda ake tuhuma abin da ake tuhumarsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, kuma babbar kotu ta iya sake duba hukuncinsa.

Wasu kuma na tambaya: ina makomar wanda ba Bahaushe ba? Tambaya ce ta gaskiya. A gundumar Dogon Dutsi akwai Fulani da Buzaye da Zabarmawa, rikicin manomi da makiyayi kuwa yana cikin abin da ke yawan kai mutane gaban hukuma. Takardar da ɗaya ke ji ɗaya ba ya ji za ta ƙara wa wuta ice. Tun dokar ran 31 ga watan Disamba na 2001 Nijar ta lissafa harsuna 10 na ƴan ƙasa, manyansu kuma suna da ƙa'idar rubutu. Tunda shafi guda ne, a fassara shi da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran, kowace kotu ta ajiye waɗanda ake ji a yankinta, a tambayi mutum wanda yake so.

Akwai masu cewa yawancin waɗanda ake yanke wa hukunci ba su iya karatu ba ko da Hausa. Haka ne, amma da wuya a sami ƙauye a Arewa da babu wanda ya iya. Tun shekarar 1963 anka soma yaƙi da jahilci na manya a Nijar, a 1966 anka daidaita haruffan harsunan ƙasa a taron Bamako, a 1973 anka buɗe makarantar farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Takardar Faransanci sai an nemi ma'aikaci ko ɗan makaranta mai zurfi, sau da yawa sai an yi tafiya an kuma biya. Ta Hausa kuwa maƙwabci zai karanta ta a zaure da dare, dattawa na saurare.

Saura maganar kuɗi da ta na'ura. Buga shafi guda bai kai abin da gwamnati ke kashewa wajen ciyar da fursuna kwana guda fiye da wa'adinsa ba. Masu cewa a jira har a sa wa dukan kotuna kwamfuta su tuna cewa na'ura abin da anka zuba mata take mayarwa. In an tsara takardar da kyau yau, gobe ita ce za a zuba cikin kwamfuta. In ba a tsara ta ba, ruɗun ne zai ƙara sauri.

Aikin kowa

Ma'aikatar shari'a ita ce da jagora. Ya kamata ta ɗauki ƙa'ida cewa duk dokar shari'a da za a buga a jaridar gwamnati ta fito tare da takardun aikinta, a kuma sa ranar janye tsofaffin. Ta tara alƙalai da magatakarda da tafintoci da lauyoyi da masanan Jami'ar Abdu Mumuni da ma'aikatan yaƙi da jahilci su tsaida kalmomin shari'a cikin ɗan ƙaramin ƙamus. Kafin a buga da yawa, a gwada takardun a kotu guda ko biyu, a karanta wa manoma da makiyaya da mata, a tambaye su abin da sunka gane, a gyara inda sunka yi tuntuɓe. Kotun Dogon Dutsi, inda kusan kowa Hausa yake ji, ta dace da wannan gwaji. Tafintoci kuma a ba su horo da matsayi da albashi, tunda rabin shari'a a bakinsu take.

Sarakuna da masu gari suna da nasu rabo. Dokar ran 13 ga watan Janairu na 2015 ta tabbatar musu da ikon sulhu cikin al'amuran gargajiya da na zaman jama'a, tare da rubuta abin da anka shirya a kai. Hukuncin laifi na kotu ne, amma ta hannunsu sammaci da sanarwa kan bi. Ya dace kowane maigari ya sami littafin da zai rubuta ranar da takarda ta iso da ranar da ta shiga hannun mai ita, in kuwa mai ita ya yi tafiya a mayar wa kotu da labari.

Waɗanda sunka sauke karatun manya su ma ga inda iliminsu zai yi rana. Wanda ya iya karanta takardar awon auduga ko ta bashin taki zai iya karanta takardar hukunci, ya ce wa maƙwabcinsa kwana kaza sunka rage maka, tashi ka tafi gobe. Malaman yaƙi da jahilci su sa waɗannan takardu cikin darussansu, gidajen rediyon karkara su yi ta karanta su suna bayani, a manna samfurinsu a ƙofar kotu da ofishin jandarma da ofishin ƙaramar hukuma.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kotu tana hukunta mutum ne don ya gane laifinsa ya daina, wanda anka cuta ya huce, sauran jama'a su ɗauki darasi. Ba ɗaya daga cikin ukun nan da ke samuwa in mutanen da abin ya shafa sun fita ɗakin shari'a suna tambayar juna me anka ce. Alƙalan Nijar da magatakardansu suna aiki mai nauyi da kayan aiki kaɗan, takarda mai kyau kuwa za ta rage musu wahala da zargi. Ga mahukunta ya rage su sa wannan aiki cikin na gaggawa, domin mutumin Matankari da na Bagaji da na Gesheme su riƙa komawa gida da hukuncinsu a hannu, sun san ranar fita, sun san ranar ɗaukaka ƙara, sun san abin da za su biya da wanda za su ba. Allah ya ba shugabanni ikon cikawa.